Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga kwamishinonin ilimi na jihohin Arewa da masu tsara manhaja, kan babin da muke tsallakewa duk shekara

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Masu girma, ranku ya daɗe. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya tare da iyalanku, ina roƙon Allah ya taya ku riƙon amanar da aka ɗora muku.

Ni malamin bayoloji ne a wata sakandaren gwamnati, na daɗe ina shan ƙurar alli, kuma wannan wasiƙa na rubuta ta ne a madadin kaina da 'yan uwana malamai da muke haɗuwa a wani zaure na WhatsApp muna kai wa juna kuka, sai kuma ɗalibanmu 'yan SS3 da ba su da bakin da zai iso gare ku. Abin da ya sa na ɗauki waya na fara latsawa shi ne bana ma an sake. Shugaban makarantarmu ya kira ni ofis ya ce, "Malam, wancan babin na juyin halitta a bar shi kawai, ka yi musu bitar tsofaffin tambayoyi, ni ba na son rigima da iyayen yara." Ban ga laifinsa ba wallahi, shi ma tsoro yake ji kuma ba wanda zai tsaya masa idan magana ta tashi. Amma fa babin nan, mai bayanin yadda halittu ke sauyawa daga tsatso zuwa tsatso, yana cikin manhaja, WAEC da NECO da JAMB suna tambaya a kai, ku kuka sa shi, sannan kuka bar mu da shi kamar wanda aka ba ajiyar maciji a aljihu.

Kukanmu na farko shi ne wurin da aka jefa babin. Can ƙurya, ƙarshen SS3, lokacin da yara hankalinsu ya tafi kan rajistar jarrabawa da ɗinkin bikin kammalawa, malami kuma yana gudu da lokaci. Ko ba wanda ya hana ka, da ƙyar ka samu darasi biyu. Sakamakon haka yaro zai shiga ɗakin jarrabawa ya ga tambaya kan Lamarck da Darwin, masanan Turai biyu da suka yi bayanin juyin halitta, ya yi canki-canka, wanda ya yi sa'a kuma ya haddace cewa ɗayansu ya yi maganar wuyan raƙumin dawa, shi ke nan iliminsa. Ni kaina haka aka yi min. Sai da na je kwalejin horar da malamai na fara jin cewa akwai hujjoji da ake haƙowa daga ƙasa ana auna shekarunsu, da can na ɗauka wani Bature ne kawai ya zauna ya ga biri ya ce kakansa ne.

Wanda ya kawo ni kuka na biyu, kuma shi ya fi ci min rai. Yaranmu duk sun "san" juyin halitta, amma a TikTok da Facebook suka koye shi, kuma abin da suka koya jimla ɗaya ce, wai an ce mutum daga biri ya fito. Daga nan sai tambayar da kowane malamin bayoloji a Arewa ya sha, "To Malam me ya sa birai na yanzu ba su zama mutane ba?" aji ya ɗauki shewa. Alhali masana ba haka suka faɗa ba. Abin da suke cewa shi ne mutum da cimfanzi, babban birin nan irin wanda har yanzu ake samu a dajin Gashaka-Gumti, sun haɗa tushe ɗaya da ya rayu wajen shekara miliyan 6 zuwa 7 da suka wuce, kowa ya kama hanyarsa, kamar dai yadda ɗan baffanka ba shi ya haife ka ba, kaka kuka haɗa. Ko mutum zai ƙi magana ai gara ya ƙi ainihin abin da aka faɗa. Yanzu muna yaye yara suna musu da abin da ba wanda ya faɗa, ranar da suka haɗu da wanda ya karanta abin sosai a jami'a ko a intanet sai ya tashe su tsaye, wasu har abin ya taɓa musu imani saboda sun ga ashe an ɓoye musu wani abu. Ɓoyewar ita ce ke yin ɓarnar.

Na uku, littattafan da muke koyarwa da su kamar ba a Afirka aka yi mu ba. Misalan kullum su ne tsuntsayen tsibiran Galapagos da wani malam-buɗe-littafi na Ingila da hayaƙin masana'antu ya sa baƙinsa ya yi yawa. Yaron da ya taso a bakin fadama me ya haɗa shi da Galapagos? Bari in ba ku labarin abin da na yi wata shekara da raina ya ɓaci.

Da rani ne, na je gida, na samu wani masunci ɗan uwan babanmu na ce Baba don Allah gaiwa nake so, da ranta, a cikin gidanta. Ya yi dariya ya ce kai 'yan boko ba ku rasa abin nema. Muka shiga fadama inda ruwa ya janye taɓo ya bushe ya tsattsage, yana tafe yana duba ƙasa har ya ga wata 'yar huda, ya sa fartanya ya yanko curin ƙasa guda. Na nannaɗe shi a buhu na kawo makaranta. Ran Litinin na ajiye curin a cikin baho a gaban aji na ce wa ya san abin da ke ciki, 'yan birni suka yi zuru, wata yarinya daga ƙauye ta ce Malam gaiwa ce. Muka zuba ruwa. Aka jima ƙasa ta jiƙe ta fara narkewa, sai ga wata 'yar jaka kamar busasshiyar leda mai ruwan ƙasa, wadda yauƙin jikinta ne ya bushe ya zama haka, can sai abu ya motsa, ta miƙe a hankali kamar mai tashi daga barcin azumi, ta ɗago baki saman ruwa ta haɗiyi iska. Ajin nan mai mutum fiye da yadda kujeru za su ɗauka ya yi tsit. Na ce kun ga abin da ta yi? Kifi ne amma huhu gare ta, idan ka danne ta ƙarƙashin ruwa ka hana ta ɗagowa nutsewa za ta yi ta mutu. Wata da watanni take yi a cikin ƙasa ba ci ba sha, shi ya sa mutanenmu ke cewa gaiwa jikinta take ci, kuma gaskiyarsu ne, naman jikinta take rayuwa da shi. Masana sun bincika sun gano cewa a duk kifayen da ke raye yau, dangin gaiwa ne suka fi kusa da dabbobi masu ƙafa huɗu. Ba ita ce kakar kowa ba, ita ma tana nan tana harkarta, amma tana nuna maka cewa kifi mai shaƙar iska ba tatsuniya ba ne, ga shi a baho.

Daga nan ne na ba su labarin Tiktaalik, wata halittar zamanin da wadda aka haƙo ƙasusuwanta, kuma ranar ba wanda ya yi gyangyaɗi. Masu bincike, cikinsu akwai Neil Shubin, sun lura cewa a duwatsun da suka girmi wani zamani kifaye kawai ake samu, a waɗanda suka biyo baya kuma ana samun dabbobi masu ƙafafu, sai suka ce to idan maganar nan gaskiya ce dole a samu wani abu tsaka-tsaki a duwatsun da ke tsakani, masu shekara kamar miliyan 375. Suka duba taswira suka ga irin dutsen yana fili a tsibirin Ellesmere can ƙuryar arewacin Kanada inda ƙanƙara ke mulki, suka yi ta zuwa shekara da shekaru suna dawowa hannu rabbana, sai a 2004 suka same shi. Jikinsa da ɓawon kifi, kansa a baje kamar na kada, yana da wuya wanda kifi ba shi da shi, kuma a cikin fiffikensa akwai ƙasusuwa da suka yi tsarin kafaɗa da gwiwar hannu da wuyan hannu. Abin da nake so yara su kama a nan shi ne an faɗi inda za a same shi kafin a same shi. Haka kimiyya take aiki, kuma wannan darasin ya fi haddar sunan Darwin amfani nesa ba kusa ba. Washegari na sayo fiffiken kaza a wurin mai tsire muka ɓare shi, ƙashi ɗaya a sama, biyu a tsakiya, ƙanana a ƙarshe, na ce kowa ya taɓa hannunsa ya ƙirga. Kuɗin kazar daga aljihuna ya fita, kuma ba a biya mu albashin watan ba tukuna, amma wannan wata wasiƙar ce daban.

Ranku ya daɗe, abin takaicin shi ne duk wannan ba komai ba ne a kan abin da ke ƙarƙashin ƙafafunmu. Sakkwato da muke gani da zafinta, teku ya taɓa rufe ta. Farar ƙasar Kalambaina da ake yin siminti da ita cike take da burbushin halittun ruwan gishiri, kuma akwai wani ƙaton dabban teku mai kama da ƙadangare da aka haƙo ƙasusuwansa a yankin Goronyo har masana suka sa masa suna Goronyosaurus, sunan yana cikin littattafan duniya amma ɗan Goronyo da ya gama sakandare bai taɓa ji ba. Haye Nijar, a Gadoufaoua cikin Tenere, an kwaso ƙasusuwan manyan dabbobin zamanin da, irin su Nigersaurus da wani kada da ake kira Sarcosuchus wanda ƙoƙon kansa kaɗai ya kusa tsayin mutum, kuma wanda ya je gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai zai ga ƙwarangwal irin nasu a tsaye.

Sai babban, wanda shi ne ya fi ba ni kunya duk lokacin da na buɗe littafin ɗalibai ban gan shi ba. A watan Yulin 2001, a hamadar Djurab da ke arewacin Chadi, maƙwabciyarmu da muke shan ruwan tafki ɗaya, wani matashi ɗan Chadi mai suna Ahounta Djimdoumalbaye, yana cikin tawagar haɗin gwiwar Chadi da Faransa da Michel Brunet ke shugabanta, ya tsinci wani ƙoƙon kai a cikin yashi. Shekarunsa wajen miliyan 7. Aka sa masa suna Toumaï, wato fatan rayuwa a harshen Dazawa, sunan da ake ba yaron da aka haifa dab da shigar rani. Ƙwaƙwalwarsa ba ta wuce ta cimfanzi ba, amma fiƙoƙinsa ƙanana ne, kuma ramin da lakar baya ke shiga ƙoƙon kai ya matso ƙasa irin na mai tafiya a miƙe, shi ya sa da yawa daga masana ke lissafa shi cikin mafi daɗewar abin da aka samu a reshen da mutum yake. Har yau suna ta jayayya a kan ko da ƙafa biyu yake tafiya sosai, kuma ni a wurina wannan jayayyar ma darasi ce, yara su ga masana na musu da hujja ba da zagi ba. Tare da shi an samu ƙasusuwan kifaye da kadoji da dangin dorina, a wurin da yau ko ciyawa sai an nema. Kafin shi ma, a 1995, an samu muƙamuƙin wani tsohon dangin mutum a Koro Toro duk a Chadi, aka yi masa laƙabi da Abel, mai shekara kamar miliyan 3 da rabi, wanda ya girgiza masu cewa labarin nan duk a gabashin Afirka ya faru.

Sauran kuwa kun san su ko kun taɓa ji. Lucy, ƙwarangwal ɗin wata tsohuwar dangin mutum da aka samu a Habasha a 1974, mai shekara miliyan 3.2. Sawun ƙafafu a tokar dutse mai aman wuta a Laetoli ta Tanzaniya da tawagar Mary Leakey ta gano a 1978. Ƙwarangwal ɗin da ake kira Yaron Turkana, wanda Kamoya Kimeu, ɗan Kenya, ya gano a 1984. Jebel Irhoud a Maroko inda aka samu ƙasusuwan masu kama da mu sosai na shekara kusan 300,000. Nan gida ma akwai ƙoƙon kan Iwo Eleru kusa da Akure da aka haƙo a 1965. Kusan duk labarin a nahiyarmu yake, 'yan Afirka ne suka tsinci da yawa daga ciki da hannunsu, amma ɗalibina sunan Galapagos ya sani.

Kuka na huɗu, kada wani ya ce ai wannan ilimin nishaɗi ne ba ya cika ciki. Yaran nan su ne gobe za su zama nas-nas da likitoci da malaman gona. Wanda bai fahimci yadda halitta ke sauyawa daga tsatso zuwa tsatso ba ta yaya zai gane dalilin da ya sa kulorokwin da iyayenmu suka sha suka warke ya daina kashe zazzaɓin cizon sauro, ko me ya sa ake faɗa da masu shan rabin maganin kashe ƙwayoyin cuta su ajiye, ko me ya sa feshin da ke kashe tsutsar wake bara bana take yi masa dariya? Ga sikila, wadda Najeriya ta fi kowace ƙasa yawan masu fama da ita. Dalilin da ya sa ta yi yawa a yankinmu shi ne mai AS yana da wata kariya daga mummunan zazzaɓin cizon sauro, sai masu ɗauke da ita suka fi tsira a inda sauro ya yi katutu, ta yi ta bin jini. Idan na yi wa yara wannan bayanin sai ka ga maganar gwajin jini kafin aure ta zauna musu daban. Haka Fulani da yawa suke shan ɗanyar madara har tsufa cikinsu lafiya lau, wani kuma kofi ɗaya zai sa shi zaryar bayi, shi ma gadon dubban shekarun kiwo ne da ya zauna a jini.

Na san inda gizo ke saƙar, ba zan yi kamar ban sani ba. Ni Musulmi ne, ina sallah, na yi imani da abin da Alƙur'ani ya faɗa game da Annabi Adamu alaihis salam, kuma ni ba malamin tafsiri ba ne ba zan shiga hurumin da ba nawa ba. Abokan aikinmu Kiristoci su ma irin wannan tambayar suke sha daga nasu ɗaliban. Amma na san a Suratul Ankabut an umarce mu mu yi tafiya a bayan ƙasa mu duba yadda aka fara halitta, kuma ban ga yadda rufe ido daga ƙashin da ke cikin dutsen Goronyo zai ƙara wa kowa tsoron Allah ba. Abin da nake gaya wa ɗalibaina shi ne, a wannan ajin zan nuna muku abin da aka haƙo da yadda aka auna shi da abin da masana suka fahimta daga ciki, tambayar aƙida kuma ku kai ta wurin malamanta, ku je da cikakken bayani ba da guntun bidiyo ba. Wani uba ya taɓa zuwa har makaranta da zafinsa ya ce an ce ina koya wa 'yarsa kafirci. Na ba shi kujera, na buɗe masa manhaja na nuna masa, na ba shi labarin gaiwa da sikila, ashe yana da ɗa mai sikila a gida, muka ɓuge da hirar gwajin jini har aka kira la'asar. Na yi sa'a ne ranar. Wani abokina a wata makarantar bai yi irin sa'ata ba, sai da ya nemi canjin wurin aiki, kuma ba takarda ko ɗaya daga sama da ta fito ta ce abin da ya koyar aikinsa ne.

Don haka ga roƙonmu, ranku ya daɗe.

A fitar da takarda a rubuce zuwa ga shugabannin makarantu cewa babin nan yana cikin manhaja kuma malamin da ya koyar da shi yadda aka tsara ma'aikata tana bayansa. Wannan ko sisi ba zai ci ba, tawada ce da sa hannu.

A ɗago babin daga ƙarshen SS3, a haɗa shi da darasin gadon halitta tun da wuri, yadda za a samu makonni ana yi a natse.

A sa masu rubuta littattafai su shigar da misalan gida, gaiwa da duwatsun Sakkwato da Toumaï da sikila, da hotuna masu kyau ba irin zanen da tawada ta cinye ba. Kuma a yi ɗan ƙaramin littafi da Hausa, don wallahi rabin rigimar nan daga fassara take, yaro ya ji kalmar Turanci bai gane ba ya je gida ya ce an ce kakansa biri ne. Muna da masana Hausa da masana kimiyyar ƙasa a jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri, a zaunar da su ɗaki ɗaya su daidaita mana kalmomi, don yanzu kowane malami da tasa fassarar.

A shirya mana bita, ko ta kwana biyu ce, a gayyato malaman addini na Musulunci da na Kirista su zauna tare da mu, su ji abin da muke koyarwa daga bakinmu mu ma mu ji damuwarsu, kafin a haɗu a ofishin shugaban makaranta ana ɗaga murya.

Sannan a samo kwafin ƙoƙon kan Toumaï da na Lucy irin na roba da ake yi don makarantu, ko guda ɗaya ne a kowace shiyya a riƙa zagayawa da shi, a kuma ware wa makarantun da ke kusa da wuraren burbushin nan kuɗin mota su kai yara su gani. Gaiwa kam kada ku damu, wannan ni zan kawo, Baba ya ce in dai rani ya yi in zo da buhuna.

Na gode da haƙurin karantawa. Allah ya ƙara muku lafiya.

Naku,
wani malamin bayoloji, a madadin abokan aikinsa da 'yan SS3 na bana